Ɗan filin wasan unguwa: ku kuna kai yaranku?

Maman Ilham: Assalamu alaikum iyaye. Tambayata ga masu ƙananan yara ce, musamman mu na Kano. A bayan rukunin gidajenmu akwai wani ɗan fili da aka bari tun lokacin yankan filaye, bai fi fuloti biyu ba. An kewaye shi da waya, akwai manyan bishiyoyin darbejiya, da lilo mai kujera biyu, da abin zamiya na ƙarfe, da katakon nan da yaro ke hawa wannan gefe ɗan'uwansa ya hau wancan. Jiya bayan la'asar na kai yarana. Babbar, mai shekara biyar, ta bi layin lilo har ta samu. Ƙaninta kuwa ko kallon ƙarafan bai yi ba, ya samu gwangwanin madara ya zauna yana cika shi da yashi da 'ya'yan darbejiya, ya zubar, ya sake cikawa, har aka kira magariba. Da muka dawo suka ci tuwo, kafin isha'i sun yi barci, babu wanda ya tambayi wayata. Amma sarƙar lilo ɗaya ta tsinke an ɗaure ta da tsumma, kuma na ga fasassun kwalabe a jikin wayar da aka kewaye filin da ita. Surukata ta ce in daina, tsakar gida ya ishe su. Ni kuwa a ganina wannan ɗan fili da ake zuwa da ƙafa ya fi musu amfani a kan fitar da muke yi sau ɗaya a shekara ranar yawon Sallah. Me kuka gani?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan Hajiya surukarki. Zamanin nan ba na sakin yara ba ne. Ba mu manta da yaran nan tara da aka sace a Kano aka gano su a Onica a 2019 ba. Kuma kwalaben da kika gani, kin duba na mene ne? Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma duk wanda ke bin lunguna ya san 'yan shaye-shaye ba su rasa abin kurɓa ba, kuma irin waɗannan wurare suke fakewa. Ni nawa daga makaranta sai islamiyya sai gida.

Maman Ilham: Baban Khalifa ai ba sakin su na yi ba, ina zaune a kan tabarma ina kallonsu.

Baban Khalifa: Yau kina zaune. Gobe idan sun saba, girki ya riƙe ki, za ki ce 'yar aiki ta kai su. Jibi su tafi da kansu. Daga nan ake farawa.

Hajiya Kaka: 'Ya'yana ku bari in sa baki. Ni a cikin birni na tashi, kuma ba mu san wani lilon ƙarfe ba. Lilonmu igiya ce a reshen bishiya da tsumma a wurin zama. Amma muna da dandali. Da an idar da sallar isha'i, in akwai farin wata, 'yan mata na gaɗa a wannan gefe, maza na langa da kokawa a wancan, ƙanana na 'yar ɓuya a bayan zaure. Da rana kuwa carafke da 'yar gala-gala da tuwon ƙasa. Abin da nake so ku lura da shi, ba mu kaɗai ke wurin ba. Mai tuwo-tuwo na zaune da fitilarta, mai tsire na can, dattawa na kan dakali. Kowa ya san ɗan gidan wane ne kai. In ka yi ashar, kafin ka isa gida labari ya riga ka. Tsaron da kake nema, ɗana Baban Khalifa, idanun mutane ne. Yanzu kowa ya ja katanga ya sa get, tsakar gidan ma an shafe shi da siminti an ajiye mota a kai. Ka ce yaro ya zauna a gida, a ina zai yi gudu? Jikokina in an kawo mini su, kan kujera suke hawa suna dirowa, uwarsu na tsawa. Ba rashin ji ba ne, jiki ne ke neman motsi.

Malama Mai Nazare: Allah ya ƙara girma Hajiya, kin faɗi abin da ke raina. Ina koyar da 'yan shekara uku zuwa biyar, kuma daga yadda yaro ke riƙe fensir nake gane wanda ke wasa a waje. Wanda ya saba damƙar sarƙar lilo, ya saba tona ƙasa da ɗebo tsakuwa, yatsunsa na da ƙarfi. Wanda ya tashi da shafa fuskar waya, layi biyu zai rubuta ya ce hannunsa ya gaji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar motsa jiki na minti 180 a yini, daga ciki a ƙalla minti 60 na gudu da tsalle sosai, kuma kallon waya ko talabijin kada ya wuce awa ɗaya. Ku auna da yadda muke yi. Sannan bin layin nan da Maman Ilham ta ambata, ni shi ya fi burge ni. A gida yarinya na kuka za a ce wa yayanta ya bar mata. A filin wasa babu wanda zai sauka don kin yi kuka, sai kin jira, sai kin koyi cewa "in ka gama ni ce."

Maman Sadik: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina goyon bayan a kai su, amma akwai abubuwan da nake roƙon iyaye su kiyaye, don muna ganin sakamakonsu a asibiti.

Yawancin raunin filin wasa daga faɗuwa ne, kuma abin da yaro ya faɗo a kai shi ke raba ƙujewa da karaya. Ku duba ƙarƙashin lilo da bakin abin zamiya. Ƙafafun yara na kwashe yashin wurin har ya zama rami mai tauri kamar daɓe, in damina ta zo kuma ya tara ruwa. Ana son yashi mai laushi da kaurinsa ya kai wajen santimita 30, a riƙa jawo shi da shebur ana mayarwa.

Sai zafin ƙarfe. A Maris da Afrilu zafin Kano na wuce digiri 40, kuma abin zamiya na ƙarfe da ya wuni a rana yana iya saɓule fatar cinyar yaro. Ko bayan la'asar ne, ki ɗora bayan hannunki a kai tukuna. In ba za ki iya barinsa a wurin ba, kada ya hau.

Wanda iyaye mata ba su cika sani ba: kada ki ɗora yaro a cinya ku zame tare. Takalminsa na iya maƙalewa a gefe, nauyinki ya ci gaba da tura shi, ƙashin ƙwauri ya karye. Gara ya zame shi kaɗai ki tare shi a ƙasa. Haka dogon hijabi ko gyale ga 'yan mata ƙanana, yana iya sarƙewa a ƙugiya ko kusa ya shaƙe wuya. A sa mata ƙarami mai tsayawa a kafaɗa, ko hula, in an gama a mayar da babban.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi. Wannan na cinyar kullum shi nake yi, don ina ganin ya fi aminci. Na gode Anti.

Baban Khalifa: To kun ji. Karaya, ƙuna, shaƙewa. Ai maganata ta fito.

Maman Sadik: Ba ta fito ba Yaya. Waɗanda ake kawo mana daga cikin gida sun fi yawa: ruwan zafi, kananzir a robar lemo, faɗowa daga bene. Ba a ce a daina girki ba, an ce a kula. Kuma tunda ana maganar tsatsa da kwalabe, kowa ya duba katin rigakafin ɗansa. Allurar nan da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14 da haihuwa tana ɗauke da rigakafin tetanus, wato ciwon sandarewar jiki da ke shiga ta rauni. In ƙusa ta soki yaro, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu a kai shi asibiti, ban da zuba ƙasa ko man birki. In kuma ya bugu a ka ya fara amai ko barci mai nauyi, kada a jira gari ya waye.

Baban Amira Mai Walda: Salam. Sana'ata ce ta sa zan yi magana. Hajiya Maman Ilham, wannan tsumman da aka ɗaure sarƙa da shi a kwance shi yau, a cire kujerar gaba ɗaya har a gyara. Lilo ba a tsakiyar sarƙa yake mutuwa ba, a sama yake ci, wurin da ƙugiya ke gugar ƙarfe. Kowa na kallon kujera, babu mai ɗaga kai. Ki sa wani dogo ya duba, in ƙugiyar ta sirance kamar an fere ta, saura kaɗan. Sai gindin turakun, daidai inda suka shiga ƙasa, nan tsatsa ke cinyewa saboda ruwan damina. Ki kama turken ki girgiza, in ya motsa akwai magana. Abin zamiya kuma ki bi gefensa da tsumma, duk inda tsumman ya kama, wurin zai yanki yaro. Gyaran duka ba wani abu ba ne, sarƙa da ƙugiya da kwalin waya ta walda da fenti, aikin yini ɗaya. Abin da ya fi wuya a samu wuta ko janareta.

Maman 'Yan Biyu: Mu a Abuja wuraren suna nan da yawa, don tun a tsarin birnin aka ware su. Amma ƙananan na cikin unguwanni da yawansu sun koma wurin gasa kifi da kallon ƙwallo, da yamma ba wurin da za ka kai yaro ba ne. Shi ya sa muke ɗaukar mota mu tafi Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003. Wuri ne mai faɗi da ciyawa, yara na gudu son ransu. Amma fita ce ta shiri: a dafa abinci, a cika kula, a sa mai a mota, a jira ranar da maigida ba ya aiki. Ina ma a ce ina da irin naki a bayan gida, ko da lilo ɗaya ne.

Abban Walid: Haka muke a Kaduna da wurin shaƙatawa na Gamji, bakin kogi, inda gadar nan ta Gwamna Lugga da aka ɗauko daga Zungeru take. Yara na son wurin. Amma daga Rigasa zuwa can da yara uku, kuɗin Keke kaɗai ya isa cefanen yini.

Maman Ilham: Abin da nake nufi ke nan. Mu ma muna zuwa gidan zu na Audu Bako da Sallah, kuma ba na raina shi, tun farkon shekarun 1970 yake tara yaran Kano. Amma ranar Sallah cunkoso ne, hannun yaro na cikin naka ba ka isa ka saki ba, ga ƙura, ga masu balan-balan na bin ka. Su ga zaki su ga jimina, a sha ayis kirim a dawo a gajiye. Ba su yi wasa ba, kallo suka yi. A ɗan filin nan kuwa ban kashe ko sisi ba, ruwa kawai na ɗauka a gora da buta da wando na canji.

Injiniya: Ina aikin tsara gari, bari in ƙara wani abu da ba a taɓo ba. Duk shimfiɗar filaye da aka yi bisa ƙa'ida ana ware wurin makaranta, da masallaci, da kasuwa, da fili na shan iska. Wannan na bayan gidanku kusan tabbas irinsa ne. Yadda irin waɗannan filaye ke ɓacewa kuwa hanya ɗaya ce. Mutane su daina zuwa. Ciyawa ta fito. Wani ya zubar da shara da dare, na biyu ya bi, ya zama bola. Sai maƙwabta da kansu su fara cewa gara a gina wani abu a huta da wari da 'yan shaye-shaye. Wata safiya a ga an sauke bulo, bayan wata shida shaguna sun tsaya. Saboda haka shawarar a ƙaurace wa wurin, duk da da kyakkyawar niyya aka ba da ita, ita ce matakin farko na rasa shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, don haka ba na wani mutum ba ne da zai ce ya sayar. Ku haɗa kanku, ku je wurin mai unguwa, ku rubuta wa hukumar tsara birane ta KNUPDA takarda ku nemi ganin taswirar rukuninku. In an nuna wurin a matsayin filin shan iska, ku yi kwafi kowane gida ya ajiye.

Baban Khalifa: Injiniya wannan maganar ta shige ni, don a unguwarmu haka aka yi da filin ƙwallonmu. Amma ina nan a kan bakana game da barin yara da 'yar aiki. Ita ma yarinya ce, 'yar shekara goma sha biyu, wasan take so. In za a yi, a yi da babba a wurin, kuma a sa get da kwaɗo. A riƙa karɓar wani abu a bakin ƙofa, ko naira ɗari ce, a biya mai gadi. Kuɗin zai tace masu shiga.

Maman 'Yan Biyu: Na yarda da kuɗin shiga. Abin kyauta ba a darajanta shi.

Malama Mai Nazare: Ni ban yarda ba sam. Wa kuɗin zai tace? Ɗan shaye-shaye yana da naira ɗari, kuma ta waya zai tsallaka da dare. Wanda za a tace shi ne ɗan mai wanki da ke layin baya, da almajiran makarantar allon unguwa, waɗanda ba su da ko tsakar gidan da ake magana. Ranar da na wuce wani irin wannan wuri na ga yara uku sun maƙale da waya, robobin bararsu a hannu, suna kallon wasu na lilo. Babbansu bai wuce shekara bakwai ba. Har yanzu abin na ci mini rai. In dai filin na jama'a ne kamar yadda Injiniya ya ce, to har da su.

Baban Khalifa: Malama ba ƙyamar kowa nake ba. Amma in suka zo su talatin, manya a cikinsu, ɗan shekara uku zai ga lilo?

Malama Mai Nazare: Wannan matsalar girma ce, ba ta kuɗi ba. Ko 'ya'yan masu gida ne, ɗan shekara goma zai ture ɗan shekara uku. A raba lokaci. Daga la'asar zuwa ƙarfe biyar da rabi na ƙanana, daga nan manya su karɓa. A makaranta haka muke yi, kuma yara na bin doka in sun ga ba a nuna bambanci.

Maman Sadik: Rabon lokacin ya yi mini, don ƙanana su bar wurin kafin magariba saboda sauro, musamman da damina. Da hunturu kuma mai asma a duba yanayin ƙura kafin a fito da shi. Sannan masu kawo gyaɗa da aya da alawa mai tauri, kada a ba ɗan ƙasa da shekara huɗu yana gudu, a zaunar da shi.

Abban Walid: Maganar bayan gida fa? Nan ne wuraren nan ke lalacewa. Yaro ya ce zai yi, uwa ta kai shi gindin bishiya, gobe wani ya yi tuwon ƙasa a wurin.

Maman Ilham: Shi ya sa kusancin ke da daɗi, gida na nan minti uku. Ƙaramin dai ina tafe da fo a leda. Amma gaskiya ne, sai an faɗa wa kowa.

Injiniya: Game da kuɗi, akwai hanya ta tsakiya. Kada a karɓa a ƙofa, a karɓa a gida. Kowane mai gida ya ba da abin da ya sawwaƙa duk wata, kamar yadda ake yi wa 'yan sintiri da gyaran taransifoma. Tifa ɗaya ta yashi, gyaran walda, kwandon shara, kwaɗon da za a rufe da magariba a buɗe da safe. Mabuɗi ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin gidan da ya fi kusa. Kuma a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a manna a masallaci, don rashin wannan ne ke kashe yawancin ƙungiyoyin unguwa.

Baban Amira Mai Walda: In kun tara na kayan, ni ba zan karɓi kuɗin hannu ba. Ku dai samo janareta, zan zo da yarana ranar Lahadi. A tanadi tsofaffin tayoyi ma, in an binne rabinsu an shafa fenti yara na son tsallake su, kuma ba sa zafi kamar ƙarfe.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri Malam. Na karanta wa maigidan duk abin da aka rubuta, ya ce zai tayar da maganar a masallaci bayan sallar isha'i, kuma gobe da safe zai cire kujerar da ta lalace. Saura surukata. Hajiya Kaka, ko kina da dabarar da zan bi?

Hajiya Kaka: 'Yata kada ki yi mata gardama, ki gayyace ta. Ki shimfiɗa mata darduma a inuwa, ki kai mata goronta da carbinta, ki ce ta zo ta taya ki ido. Tsoro take ji, kuma tsoronta na ƙauna ne. In ta zauna ta ga jikanta na cika gwangwani, ita za ta riƙa tambayar ki ko la'asar ta yi. Kuma tsohuwa a wuri ta fi mai gadi, babu saurayin da zai kunna wani abu a gabanta. Ku nemi irinmu biyu ko uku a layinku a raba mana kwanaki. A ba mai haƙuri a cikinmu Alhamis da Juma'a, don ranakun ne babu karatun allo, yaran za su fi yawa.

Baban Khalifa: In har da tsofaffi a wurin kuma ana rufewa da magariba, zan kawo nawa in gani da idona. Maman Ilham ki sanar da mu yadda aka yi da mai unguwa.